Wa ya fara tsaga fiffiken jirgin sama, kuma me ya hana a karɓi dabarar da wuri?

"Assalamu alaikum Injiniya. Bara na je Umara, daga Kano zuwa Jidda, kujerata tana daidai fiffike. Da muka kusa sauka sai na ji wata ƙara, na leƙa na ga bayan fiffiken yana zamewa yana lanƙwashewa ƙasa, gabansa ma ya ɓalle ya yi gaba, har ina hango ƙasa ta tsakanin ƙarafan. Wallahi sai da na yi salati. Daga baya aka ce mini haka ake yi. Tambayata, wa ya fara tunanin a tsaga fiffike, kuma ta yaya rami a jikinsa zai ƙara masa ƙarfi maimakon ya rage? Na kuma ga hotunan jiragen da, masu fiffike sama da ƙasa, ban ga suna da irin wannan ba. Ba a san dabarar ba ne a lokacin?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya karɓi ibada. Salatin da ka yi bai faɗi ƙasa banza ba, amma abin da ka gani shi ne alamar jirgin yana cikin ƙoshin lafiya. Ranar da ya kamata fasinja ya damu ita ce ranar da za a tashi ko a sauka fiffiken yana nan sumul, bai motsa ba.

Tambayoyi uku ka haɗa: wa ya fara, yaya abin yake aiki, da me ya sa babu shi a jiragen da. Ta ƙarshen ce ta fi daɗin amsawa, domin amsarta ta saɓa wa zato. An san dabarar sarai. Tsakanin 1914 da 1924 an riga an ƙirƙiro kusan duk abin da idonka ya gani a kan wancan fiffike. Sai dai akasarinsu sun yi zaman jiran tsammani na kimanin shekara goma, masu ƙera jirage suna kallonsu suna wucewa, har sai da jiragen da kansu suka canza suka fara neman su.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Na bayan da ke zamewa ƙasa, a wurin aiki filaf muke ce masa. Na gaban da ke ɓallewa shi ne silat, ratar da ke tsakaninsa da uwar fiffike kuwa ita zan riƙa kira tsaga.

Fiffike ɗaya, aiki biyu

Ƙarfin da fiffike ke ɗaga jirgi da shi ya rataya ne a kan abu huɗu: kaurin iska, faɗin fiffiken, gudun jirgi, da kuma siffar fiffiken tare da yadda yake tarar iska. A cikinsu gudu ne mugun. Idan ka rage gudu da rabi, ɗagawar ba rabi za ta koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu za ta koma. To jirgin da ke tafiyar kilomita 850 a awa can sama dole ya sauka da abin da bai kai sulusin wannan ba, kuma nauyinsa bai ragu da wani abin kirki ba. Idan ka ƙera masa babban fiffike don ya sauka a hankali, a sama fiffiken zai zame masa kaya, ya ci mai ya rage gudu. Idan ka ba shi ƙarami siriri don gudu, zai shigo filin jirgi kamar an harbo shi.

Abin da matuƙi ke da shi a hannu idan gudu ya ragu shi ne ɗaga hancin jirgi, fiffike ya ƙara karkata ya tari iska sosai. Yana ɗagawa ƙarfin na ƙaruwa, har zuwa wajen digiri 15 ko 16 a fiffike na gama-gari. Da an wuce nan sai iskar da ke bin bayan fiffiken ta sama ta saki, ta yamutse, ɗagawar ta zube a lokaci guda. Wannan shi ne sitol. Mutane kan ɗauka mutuwar inji ce, alhali injin na iya kasancewa yana ruri. Iska ce ta suɓuce wa fiffike. A shekarun farko na tashi sama, sitol kusa da ƙasa, wanda kan juye ya zama jirgi na wulwulawa hanci ƙasa, yana cikin manyan abubuwan da suka cinye matuƙa, musamman 'yan koyo.

Wanda ya karya muƙamuƙi, da wanda ya yanka katako

A 1917 wani matashin hafsan Jamus mai suna Gustav Lachmann yana koyon tuƙi, jirgi ya yi masa sitol ya faɗo, ya karye a muƙamuƙi. Yana kwance a asibiti, ba bakin magana, sai tunani. Abin da ya faɗo masa shi ne, maimakon fiffike guda mai faɗi, a jera ƙananan fukafukai ɗaya bayan ɗaya da rata a tsakaninsu, kamar gilasan tagar luba. Ya gwada da fanka da hayaƙin taba, ya ga hayaƙin yana manne wa. A Fabrairun 1918 ya kai takardar neman haƙƙin mallakar ƙirƙira, ofishin ya ƙi ba shi, domin ba su ga shaidar abin zai yi aiki ba. Ka ga ke nan, Malam, tambayar da ka yi ita ce masu ofishin suka yi: rami a fiffike ai asara ce. Lachmann ya haƙura, ya tafi karatun injiniya a Damshitat.

A daidai wannan lokaci, can Ingila, Frederick Handley Page, mai kamfanin da ya ƙera manyan jiragen yaƙin Ingila a yaƙin duniya na farko, yana fama da matsala guda a bututun gwajin iska na kamfaninsa. Gwajinsa na farko kuskure ne: sun riƙa yanka fiffiken daga gaba zuwa baya, abin bai haifar da ɗa mai ido ba. Da suka juya wuƙar suka yanka tsagar a kan tsawon fiffiken, kusa da bakinsa na gaba, tana karkata sama da baya, sai ɗagawar ta ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Da aka gyara siffar tsagar ta haura kashi 50. Ya yi gum da bakinsa har ya shigar da takardar mallaka a Oktoban 1919. A 1920 ya ɗauki jirgi samfurin DH.9 ya sa masa tsaga a fukafukai, kuma a Oktoban shekarar ya tara jama'a a filin kamfanin da ke Kirikilwud, a arewacin Landan, ya nuna musu jirgi yana tafiya a hankali hanci sama bai faɗo ba. A bututun gwaji kuwa ya kai abin ƙarshe: fiffike mai tsaga shida da ya riƙe iska har zuwa digiri 45, da ɗagawa kusan ninki uku na fiffiken da aka saba.

Labarin wannan nuni ne ya isa Jamus, Lachmann ya karanta, ya ga ai tasa ce. Ya ranci kuɗi wurin mahaifiyarsa ya biya Ludwig Prandtl, babban malamin ilimin iska na Gotingen, aka gwada masa. Sakamako ya nuna ƙarin kashi 63 cikin ɗari. Gani ya kori ji, ofishin ya ba shi takardarsa, aka mayar da kwanan watanta zuwa Fabrairun 1918, wato ta riga ta Handley Page. Nan ne za ka zaci shari'a ta shekara da shekaru. Maimakon haka mutanen biyu suka zauna suka daidaita, suka haɗa haƙƙoƙinsu. Daga baya, a 1929, Lachmann ya koma aiki kamfanin Handley Page gaba ɗaya. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, kuma ko daga tsaren ya ci gaba da yi wa kamfanin lissafi.

Ga wani abu da zai ba ka sha'awa tunda daga Kano ka tashi. Gwajin Handley Page na biyu, a 1921, a kan gangar DH.9A aka ɗora shi, da fiffike guda mai tsagar da matuƙi ke iya buɗewa da rufewa. Jirage ukun farko da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, daga Masar, ƙarƙashin Arthur Coningham, su ma DH.9A ne. Sai dai su ba tsaga ba filaf, a filin dawakai suka sauka lafiya lau. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To yaya ramin yake aiki?

Akwai wata siririyar shimfiɗar iska da ke manne da jikin fiffike, wadda Prandtl ya bayyana tun 1904. Gogayya da jikin fiffike na rage mata kuzari. Idan an ɗaga hanci sosai, iskar da ke zagaye bakin fiffike na gaba tana yin gudu mai tsanani a wurin, sa'an nan dole ta rage gudun nan kafin ta kai ƙarshen fiffike. Rage gudun nan tamkar hawan tudu ne gare ta. Idan tudun ya yi tsayi, siririyar shimfiɗar nan ta gaji, ta tsaya, ta ɓalle. Sitol ke nan.

Shekara hamsin ana koyar da cewa tsagar tana feso iska mai ƙarfi daga ƙasan fiffike ta kore gajiyayyiyar. Ni ma haka aka fara koya mini, kuma har yau akwai littattafan da ke faɗin haka. Sai a tsakiyar shekarun 1970 wani injiniyan kamfanin Douglas, A. M. O. Smith, ya warware abin dalla-dalla. Iskar da ke ratsa tsagar ba ta da wani kuzari na musamman. Abin da ke faruwa shi ne silat ɗin, da yake shi ma ƙaramin fiffike ne, yana sassauta gudun iskar da ke zagaye bakin uwar fiffike, wato ya rage tsayin tudun. Na biyu, kowane yanki yana fara tasa sabuwar shimfiɗa, wadda ba ta gaji ba. Kamar kayan da ɗan dako guda zai kasa kaiwa, sai a raba zangon, kowa ya ɗauka daga inda na baya ya sauke. Abin da nake so ka lura da shi: mutanen nan sun gano abin, sun auna shi, sun sayar da shi, sun ceci rayuka da shi, bayaninsa na daidai bai zo ba sai bayan rabin ƙarni.

Na taɓa maimaita gwajin Lachmann da yaran da nake koya wa aiki. Mun haɗa bututu da kwali, muka sa fankar tebur a ƙarshe tana zuƙo iska, muka cika bakin shigar da tsinkayen shan lemo don iskar ta miƙe. Fiffiken na kwali ne mai santsi, muka manna masa gajerun zaruruwan ɗinki a baya, hayaƙi kuwa turaren tsinke muka kunna. Muna karkata fiffiken a hankali, zaruruwan suna kwance luf suna kallon baya. Da muka kai wani wuri sai na can ƙarshe suka fara rawa, nan take duka suka miƙe suna kaɗawa, wasu ma suka juyo suna kallon gaba. Wani yaro ya ce, "Oga, ai sun rikice." Muka sa ɗan silat. Ba abin da ya canza, har yaran suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Kuskurena ne, na bar ratar da faɗi, kuma bakinta na ƙasa da na sama ɗaya. Sai da na matse ta ta zama tana tsukewa wajen fita, faɗinta bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na faɗin fiffiken ba, sannan zaruruwan suka koma suka kwanta a kusurwar da ɗazu suke hauka. Ranar na gane dalilin da ya sa masu ofishin Jamus ba wawaye ba ne. Ramin da aka yanka ba bisa ƙa'ida ba asara ce da gaske. Ba zan ce maka bututunmu na auna adadi ba. Ƙaramin fiffike a iskar fanka yana sitol da wuri fiye da na gaske, don haka abin da ido ya gani kawai na ɗauka.

Idan kana son ganin na Ubangiji, dubi tattabara za ta sauka a kan katanga. Tana birki za ka ga wasu 'yan gashi sun ɗaga a gaban fiffikenta, daidai gwiwa. Ɗan tsinin nan da kake gani a fiffiken kaza idan ana ci, a kansa suke tsirowa.

Na baya, wanda ya riga kowa

Filaf ya girmi tsaga. Tun 1914 jirgin S.E.4 na masana'antar jiragen gwamnatin Ingila yana da gefen baya da ake iya saukarwa gaba ɗaya don ƙara wa fiffike lanƙwasa. A 1916 kamfanin Fairey ya sa irinsa a ƙaramin jirginsa mai sauka a ruwa, Hamble Baby. Faransawa ma sun sa wa Breguet 14 nasu a fiffiken ƙasa, wanda igiyar roba ke saukarwa da kanta idan gudu ya ragu. Wannan shi ne filaf mai sauƙi, kamar ƙyauren da ke kan hinji.

A 1920 Orville Wright, ƙanen nan cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi a 1903, shi da James Jacobs suka fito da wani iri: saman fiffike na nan yadda yake, fatar ƙasa kaɗai ke buɗewa kamar baki. Sai a 1924 wani injiniya Ba'amurke, Harlan Fowler, ya zo da wanda ka gani yana zamewa. Nasa ba lanƙwashewa kawai yake yi ba, yana fita baya a kan dogo, fiffike ya ƙara faɗi, ya ƙara lanƙwasa, kuma ya bar tsaga. Riba uku a motsi guda. Fowler da kuɗin aljihunsa ya yi ta gwada shi a ƙarshen shekarun 1920, ba mai saye.

Akwai waɗanda suka bi wasu hanyoyin. A Faransa, Paul Schmitt ya ƙera jirgin da ake karkata fukafukansa gaba ɗaya, daga baya Makhonine ya yi wanda fiffikensa ke zuƙewa ya miƙe kamar eriyar rediyo, a 1931. Duk sun tashi, nauyi da wahalar ƙira suka kashe su.

Silat da filaf ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma wannan bambancin ne ya yanke wa kowannensu rabonsa. Silat ba ya ƙara maka komai a kusurwar da kake. Izini yake ba ka ka ƙara ɗaga hanci, daga digiri 15 zuwa 25 ko fiye. Filaf kuwa yana ƙara ɗagawa a kusurwar da kake, har ma ya sa hanci ya sunkuya, kuma yana jan jirgi baya kamar birki.

Me ya sa aka yi watsi da su?

Koma kan jiragen nan uku na Kano. Katako ne da zane, fukafukai biyu manya, nauyi kaɗan a kan faɗi mai yawa. Irinsu na sauka da gudun da bai fi na mota a titin Zariya ba. Ga sanduna da wayoyi ko'ina a jiki, da an rage wuta jirgin zai gangaro da kansa. Me zai yi da filaf? Ƙarin nauyi ne, da ƙarin abin lalacewa, ga fiffiken siriri ba wurin ɓoye ƙarafa.

Tsaga kuwa tana da nata aibin. Don ka ci moriyarta wurin sauka dole jirgi ya zo hanci a sama ƙwarai, matuƙi ba ya ganin filin, kuma sai an yi wa jirgin dogayen ƙafafu kada wutsiya ta riga tayoyi taɓa ƙasa. Idan an bar ta a buɗe kullum tana cin gudu. Ga kuɗin lasisi da Handley Page ke karɓa. Abin da ya fitar da ita kunya shi ne silat mai sarrafa kansa, wanda kamfanin ya kammala a tsakiyar shekarun 1920. Ba inji ba waya: idan jirgi na gudu iska na danne shi a jikin fiffike, idan aka ɗaga hanci iskar da kanta ta zuƙo shi waje. Aka riƙa sa shi a ƙarshen fukafukai kawai, gaban abin da ke karkata jirgi dama da hagu, don ko tsakiyar fiffike ta saki, ƙarshen ya riƙe, jirgi kada ya juye. Wato kasuwar farko da tsaga ta samu ta kare rai ce daga wulwulawa, maganar rage gudun sauka ta biyo baya. Rundunonin sama na ƙasashe da dama suka saya, kuɗin lasisi ya zama babbar hanyar samun kamfanin a shekarun da cinikin jirage ya yi ƙasa.

A 1927 gidauniyar Daniel Guggenheim ta Amurka ta sa gasa da kyautar dala 100,000 ga jirgin da ya fi aminci. Cikin sharuɗɗa, ya iya tafiya da mil 35 a awa bai faɗo ba, kusan kilomita 56, kuma ya iya kai mil 110, kusan kilomita 177. Da aka yi gwaji a ƙarshen 1929 jirage biyu kaɗai suka kai zagayen ƙarshe, Tanager na kamfanin Curtiss da Gugnunc na Handley Page, dukansu da silat da filaf. Tanager ya ci. Handley Page ya kai Curtiss ƙara cewa da tsagarsa aka ci shi ba a biya lasisi ba, Curtiss ma ya rama da tasa ƙarar. Abin dariyar shi ne, cikin biyun ba wanda aka ƙera don kasuwa. An tabbatar abin na aiki, kasuwa ta ce ba ta shirya ba. Gugnunc na nan har yau a gidan tarihin kimiyya na Landan.

Abin da ya sauya lissafi shi ne jirgin ƙarfe mai fiffike guda, sumul, mai naɗe ƙafafu. Irin wannan idan ya zo sauka ba ya son rage gudu, sai ya yi ta shawagi a saman filin har titin ya ƙare. A 1932 kamfanin sufurin jiragen sama na Amurka, TWA, ya nemi sabon jirgi da sharaɗin kada gudun saukarsa ya wuce mil 65 a awa. Douglas ya amsa da DC-1, wanda ya tashi a Yulin 1933 da filaf irin na Orville Wright, shekara 13 bayan ƙirƙirarsa. Kishiyarsa Boeing 247, na shekarar, ba shi da filaf ko kaɗan. Kuma abin da aka fi so a filaf ɗin nan shi ne jan bayan da a da ake ganin aibinsa ne. DC-2 da DC-3 suka gaje shi. Na Fowler kuwa hukumar binciken jiragen sama ta Amurka ta gwada shi a 1932, aka sa shi a jirgin gwaji na Martin a 1935, ya shiga kasuwa a Lockheed 14 a 1937. Shi ma shekara 13. Wasu ma sun fito da nasu, Junkers a Jamus, Gouge a Ingila, sai Werner Krüger a Gotingen a 1943 da wani mai buɗewa daga ƙasan bakin fiffike. A 1936 Jamusawa suka nuna iyakar abin a Fieseler Storch, mai tashi da kimanin kilomita 50 a awa, dogayen ƙafafun nan da na ambata su suka ja masa sunan Storch, wato shamuwa. A 1963 Boeing 727 ya zo da filaf mai tsaga uku, kusan tagar lubar da Lachmann ya hango a gadon asibiti.

A ganina, masu ƙera jiragen shekarun 1920 ba su yi wauta ba da suka ƙi filaf. Inda suka yi sakaci shi ne jinkirin sa silat a jiragen koyo, domin can ne ake mutuwa.

Kada ka zaci ribar ta wuce misali. Idan ka ninka ƙarfin ɗagawar fiffike sau biyu, gudun sitol ba ya raguwa da rabi, daga 100 zai koma kusan 71. Amma wannan ragin ya isa ya rage tsawon titin da ake bukata wurin tsayawa da kusan rabi, domin birki ma da murabba'in gudu yake lissafi.

Tsoron da bai gushe ba

Tun zamanin silat mai sarrafa kansa matuƙa ke ƙorafin abu guda: idan na dama ya fito na hagu ya maƙale fa? Matuƙan Messerschmitt 109 sun san fizgar da jirgi ke yi idan ɗaya ya riga ɗaya fita a tsakiyar kwana. Mafi munin misali ya faru a Shikago a Mayun 1979, lokacin da injin hagu na wani DC-10 ya ɓalle wurin tashi, ya tsinka bututan man da ke riƙe silat, na ƙarshen fiffiken hagu suka koma ciki, wannan fiffiken ya yi sitol na dama na ɗagawa. Mutum 273 suka rasu. Irin wannan tsoron ne ya sa a jiragen yau ake haɗa ɓangarorin biyu da sanda guda mai juyawa, da na'urar da ke kulle su idan ɗaya ya fara barin ɗan'uwansa, da ƙararrawar da ke ihu idan matuƙi ya ba da wutar tashi bai fitar da su ba.

A aikinmu na kanikancin jirgi nan ne muke ɓata lokaci. A ƙaramin jirgi mai silat irin na da, da yatsa biyu za ka ja shi, ya zamo ba gargada, ka tura ya koma. Idan ka ji yana cijewa ko yana ƙarar yashi, jirgin ba ya tashi sai an wanke dogon an sa masa maiƙo. Lokacin hunturu ƙura kan haɗu da giris ta zama kamar ƙullun tuwo a cikin dogayen filaf, ka ga muna bin su ɗaya bayan ɗaya da tocila da tsumma. Muna kuma auna ratar da ma'auni, domin milimita kaɗan na canza halin fiffike, kamar yadda kwalina ya koya mini. Ni ba matuƙi ba ne, saboda haka maganar nawa ake saukarwa a wane gudu ta littafin kowane jirgi ce da masu tuƙa shi; abin da ke ƙarƙashin fatar fiffike shi ne nawa.

In Allah Ya sa ka sake tafiya, nemi kujerar da ke ɗan bayan fiffike. Wurin tashi za ka ga an fitar da filaf kaɗan kawai, ya zame baya fiye da yadda ya sunkuya, domin ana son ƙarin faɗi ba a son birki. Idan da rana tsaka ce a watan Afrilu a Kano, iska ta yi zafi ta sirance, za ka ji jirgin ya daɗe yana gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. Wurin sauka kuwa mataki-mataki za a sauke shi, kowane mataki da ƙararsa, har tsagogin su buɗe ka hango ƙasa. Ƙirga su, ka kuma dubi waɗansu dogayen kumbura kamar ƙananan kwalekwale a ƙasan fiffiken. A cikinsu dogayen Fowler suke.